Wanda Ya Ce wa Namjil Ya Jira

Direban tankar mai ne ya tsinci ɗana Namjil a mashigar tsauni, ana saura 'yan kwanaki bikin Farin Wata, sabuwar shekararmu ta Mongoliya. Yana zaune a kujerar baya ta motarsa, ya lulluɓa da buhunan wofi da shimfiɗun kujeru, sanyi ya gama da shi. Babu rauni a jikinsa. Garin alkama da ganyen shayi da alewar da na aike shi ya sayo a birni duk suna nan cikin but ɗin motar. Abu biyu ne babu: salularsa da sabon rediyon motar. Inda rediyon yake sai rami da wayoyi a waje.

Motar tsohuwa ce daga Japan, irin ta kowa a nan. Rediyon da ta zo da shi ba ya kama tasharmu ko ɗaya. In an tayar da ita sai wata mace ta yi gaisuwa da Japananci, taswirar kuma kullum tana nuna motar a tsakiyar teku. Fasinjoji su riƙa cewa, "Namjil, matarka na magana, ka amsa mata mana." Shi kuwa bai taɓa aure ba. Tafiyar birni yini guda ce, mutane sun fi son motar da ke da kiɗa, don haka da kaka ya sayo sabo ɗan Sin mai allo kamar talabijin. Ƙanensa Sodnom, mai gyara wa gari salula da fitilun rana, ya ce abin kunya ne baƙo ya haɗa wa yayansa rediyo yana raye. A tsakar gidana ya haɗa shi. Gari ya ce Namjil ya saki 'yar Japan ya auro 'yar Sin.

Kafin a sauko da gawar, gari ya gama shari'a. Baldan ne. Garken Baldan yana kwarin da ke ƙarƙashin mashigar, ya taɓa zaman kurkuku kan satar dawaki, kuma bara sun yi cacar baki da Namjil don ya ƙi ɗaukar masa ɗanyun fatu a mota. An ga sawun dokinsa a wurin. Aka ce shi ya tare shi, ya fizge wayoyin motar, ya ƙwace salula, ya bar shi sanyi ya ƙarasa. Tumur ɗan sanda, wanda suka yi makaranta tare da Namjil, ya kulle Baldan. Ya ce min rabin dalilin don kada samari su rigaye hukuma ne.

Ni ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Abu ɗaya nake so, in san wanda ya bar ɗana a can.

*

Tsoho Yondon ne ake kira in an sace dabba. Shi ya bi sawun Baldan lokacin satar dawakin har ya kama shi. Na same shi yana ɗinke linzami a ger ɗinsa, zagayayyen tantin gashi irin wanda muke zama ciki. Muka yi musayar kwalbar tabar shaƙa, ya tambayi lafiyar tumakina, na ce lafiya.

"Sawun doki na sani, Dulma," in ji shi, "ba na mota ba."

"Wanda ya cire rediyon da ƙafa ya taka ƙasa, Yaya Yondon."

"An kama mutum. Gari ya huta."

"Ni ban huta ba."

Ya daɗe yana kallon murhu. "Sawu ba ya tambayar mai shi inda yake so ya kai shi. Ni bi kawai nake yi."

"Ka bi. Ƙafata ƙafarka."

*

Tumur ya kai mu mashigar a motarsa. Motar Namjil tana nan gefen tulin duwatsun da matafiya ke ƙara wa dutse. Ranar da aka tsince shi dusar ƙanƙara ta sauka da hantsi, kaɗan, ta rufe komai. Yondon ya zo da tsintsiya. Ya ce sabuwar dusa kamar garin tuwo take, wadda aka taka kuwa tauri take yi. Ya durƙusa yana shara a hankali kamar mai share ɗakin amarya, sawu na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Tumur ya shiga motar da fitila. Da ya fito ya ce, "Inna, ba fizge wayoyin nan aka yi ba, warware su aka yi. Can ciki kuma sun ƙone. Motar ta mutu ne tun rediyon na jikinta."

Yondon ya kira mu. "Ga ɗanki nan. Ƙafar hagu yana jefa ta waje kamar ubansa." Muka bi sawun ya hau tudun da ke gabas, inda kowa ke hawa in yana neman sabis. A can sama ƙasa ta tattake, an yi ta kai da kawowa. "Nan ya yi waya. Daga nan kuma ya koma mota."

Ya nuna min kwari da bakin bulalarsa. Rufin ger ɗin Baldan ga shi nan ana hangowa.

"Da sauran rana lokacin, don ya ga hanyar tudu sarai, bai yi tuntuɓe ba. Yaron da ya girma a nan, motarsa ta mutu, yana ganin hayaƙin mutane, me zai mayar da shi mota?"

"Ba sa shiri da Baldan," in ji Tumur.

"A irin wannan sanyin? Ko wanda ya kashe ubanka ne za ka ƙwanƙwasa, shi ma zai buɗe." Ya kai mu bayan motar, ya share wani baƙin wuri mai zare-zaren ƙarfe. "Safayar taya ya ƙona, ya zauna gefenta har ta cinye. Mai jira ne ke yin haka. Wani ya ce masa yana zuwa. Da duhu ya yi iska ta taso, kwarin ya fi ƙarfinsa."

Akwai wani sawun ƙarƙashin dusar, na takalmin gashi irin na kowa, da tayar babur irin na kowa. Mai shi ya tsaya a ƙofar baya har ƙanƙara ta narke ƙarƙashinsa ta sake daskarewa. Daga nan ya zagaya ta gaba. Bai taɓa aljihun Namjil ba. Salular a kan kujerar gaba ya kan ajiye ta. A kan hanya iska ta share sauran.

"Dokin Baldan fa?" na ce.

"A saman dusa yake. Ya zo bayan an gama komai."

*

Baldan yana zaune a kan benci a ɗakin 'yan sanda, hularsa a gwiwa. Da ya ga Yondon ya yi tsaki.

"Tsohon kare. Har yanzu hancin na aiki?"

"Yana jin warinka dai. Me ya kai ka mashiga?"

"Raƙumina ya ɓace. Na ga mota, na leƙa, na ga mutum fari fat. Na juya dokina."

"Ba ka faɗa wa kowa ba."

"In faɗa wa wa? Ga shi ban faɗa ba ma ina nan." Ya juyo gare ni. "Yaya Dulma, ni ko kunna wancan akwatin ban iya ba. In na sace shi, raƙumi zan sa wa? Tumakina suna can ba kowa sai uwata, ita kuma ko ƙofa ba ta gani. Kowace safiya da nake nan wasu na mutuwa."

Tumur ya ce ba zai iya sakinsa kan sawun doki kawai ba, gari zai ci shi ɗanye. Kamfanin waya kuma sai bayan biki zai faɗi wanda Namjil ya kira.

*

Sai magana ta koma kan Jamts, abokin Namjil mai babbar mota, don wata mata ta ga rediyo irin wancan a motarsa. Muka same shi a ƙarƙashin motar yana gasa mata ciki da wuta don ta tashi. Ya fito baƙi ƙirin.

"Tare muka saya, Baba, rana ɗaya, shago ɗaya. Ni na bari masu shagon suka haɗa min. Ku duba, nawa ledarsa ma ban ɓare ba."

Tumur ya duba, ya ce haka ne.

"Ina kake ranar?" in ji Yondon.

"Na kai ciyawa garken kawuna, can babu sabis. Washegari da na shigo gari na ga kiransa." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na ce wannan gwauron surutu zai yi min, ma haɗu da yamma. Da yamman ne aka zo da labari."

"Da bai same ka ba, wa zai kira?"

"Wa ba zai kira ba? Babu motar da bai taɓa jawowa daga rami ba a garin nan. Sai dai ranar rabin gari suna bikin askin farko na jikan shugaban makaranta. Wanda ya fita daga gidan nan da ƙafarsa a miƙe, ban san shi ba."

Mun je gidan bikin. Uwar gida ta ce maza sun yi ta fita da salula a kunne suna dawowa, ita tana fama da tukunya. Mun bi gida-gida. Kowa ya ce ba a kira shi ba.

*

Da la'asar Yondon ya ce bai yi wa Sodnom barka da haihuwa ba. Matarsa Handa ta haifi ɗa namiji farkon sanyin nan. A bakin shinge ya ɗaga murya, "Ku kama kare." Handa ta fito ta riƙe karen. Ni na yi gaba don in ga jikana. Da na waiwaya na ga tsohon ya tsaya a bakin ƙofar shinge yana kankare ƙasa da ƙafa, nan da can, kamar mai kakkaɓe takalmi.

Sodnom ya rame. Tun da aka kai gawar yayansa asibiti bai je ya gan shi ba, ya ce ba zai iya ba. Handa ta zuba mana shayin madara.

"Kai ma ka je bikin?" in ji Yondon.

"Na je, Baba. Na sha fiye da kima. Sai azahar na farka."

"Yayanka bai kira ka ba?"

"Bai kira ba."

"Da ka farka ka fita wani wuri?"

"Ko shinge ban ƙetare ba sai da aka zo da labari."

Yondon ya leƙa fuskar jaririn, ya ce kai, wannan mummunan yaro, kamar yadda ake cewa don kada baki ya kama shi. Ya shanye shayinsa muka fito.

A hanya ya tsaya ya gyara ɗamararsa. "Dulma, sawun ya ƙare. Ina iya cewa iska ta share shi. Na tsufa, ba wanda zai yi mamaki."

"Baldan fa?"

"Bayan biki za a sake shi. Tumakinsa dai ba za su jira ba."

"Ka san mutumin?"

"Na sani. In na faɗa ba ya mayuwa ciki."

Ban tambaye shi suna ba. Na ce ya tara su gobe a ger ɗina.

*

Suka zo da hantsi. Tumur ya kawo Baldan ya zaunar da shi kusa da ƙofa. Jamts ya zauna gefen maza. Sodnom ya zauna kusa da shi, Handa da jariri a gefena. Mutane sun cika tsakar gida suna saurare ta jikin bango. Fitilar man shanu tana ci gaban hoton Namjil.

Yondon ya faɗi abin da ya gani a mashiga, tudu da taya da sawun babur. Ya ce Baldan ya zo a saman dusa. Ya ce Jamts yana garken kawunsa, ya aika an tambayo.

"Ɓarawo da aljihu yake farawa," in ji shi. "Wannan kuwa rediyo ya ɗauka da salula, abu biyun da za su iya faɗin sunansa. Ya yi dabara. Takalminsa na kowa, baburinsa na kowa. Da ya tsaya nan da ban same shi ba. Amma ɗan ƙasar nan ne. Duk wanda ya dawo daga wurin gawa ba ya shiga ɗaki sai ya ratsa tsakanin wuta biyu. Ballantana ɗakin da ke da jariri."

Ya ciro ƙyalle daga ƙirjinsa ya kwance. Toka ce da guntun kashin shanu mai rabin ƙuna.

"Ba a binne kowa a garin nan ba tun kaka. Gawar Namjil ma tana asibiti. Jiya na ga gurbin wuta biyu a bakin wani shinge, tsakaninsu faɗin mutum ɗaya. Suna ƙarƙashin dusar da ta sauka da hantsi. Labari kuwa sai da yamma ya iso gari."

Ana jin tukunya na tafasa.

"Ni na hura su," in ji Handa. Ba ta ɗaga kai ba. "Ya dawo da safe a kan babur, ya ce min Yaya ya rasu, zai shige ɗaki. Na tare ƙofa. Na ce ba zai kawo wa ɗana mutuwa a rigarsa ba. Ku gafarce ni, Inna."

Jamts ya matsa gefe, ya bar fili tsakaninsa da Sodnom.

Sodnom yana kallon tafin hannunsa. "Filogin rediyon bai dace da na motar ba," ya ce. "Na yanke wayoyin na murɗa da hannu na naɗe. Fis ya yi ta ƙonewa, sai na cire shi na sa wayar tagulla. Ban gaya masa ba. Ranar ya kira ni ina gidan biki. Ya ce hayaƙi na fita ta bayan rediyo, mota ta mutu, zai gangara wurin Baldan ya kwana."

"Ka ce masa me?" in ji Tumur.

"Na ce kada ya je. In ya je, gobe duk gari ya ji aikina ne ya ƙone motar. Na ce ya jira ni, ina zuwa da waya da batir, mu gyara ba wanda ya sani. Na koma ciki in ɗauki hulata, sai ƙwaryar barasa ta iso kaina. Dattijo ne ya miƙo da hannu biyu, ba a ƙi. Na sha, aka ce sai na yi waƙa. Na yi, aka sake cikawa." "Da na buɗe ido gari ya waye."

"Kayan fa?"

"Suna cikin kogi, ta ramin da ake ɗebo ruwa."

Baldan ya miƙe ya sa hularsa. "Ranar na yanka tunkiya," ya ce. "Nama ya yi mana yawa ni da tsohuwa." Ya dubi Tumur, Tumur ya kauce masa daga ƙofa. Mutanen waje suka buɗa masa hanya. Daga baya na ji rabin garkensa ya tarar a tsaye.

Kowa yana jiran in yi magana. Abin da ya zo min kawai na tambaya.

"Da ka ce ya jira, ya yi fushi?"

"A'a, Inna. Dariya ya yi. Ya ce in taho masa da shayi mai zafi."

Yondon ya ƙulle ƙyallensa ya fita. Na bi shi da ƙafar tunkiya kamar yadda ake ba mai bin sawu, ya ƙi karɓa.

*

Ba mu yi Farin Wata ba shekarar nan. Mun binne Namjil ranar da lama, malamin addininmu, ya zaɓa. Hukuma ba ta riƙe Sodnom da daɗewa ba, sun ce sanyi ne ya yi kisan. Ya dawo gari, ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya sake kai masa ko tocila ya gyara. Yakan zo da safe ya fasa min itace ya ɗebo ruwa, ya tafi bai shigo ba. Nakan ji saran gatarinsa ina zaune a ciki. Ban kira shi ba, ban kore shi ba.

Kafin ƙanƙarar kogi ta narke ya ce za su tafi kudu, wurin motocin gawayi, shi da Handa da yaron. Jamts ne ya yarda ya kai su birni. Suka tsaya a ƙofata da sassafe, kayansu a ɗaure a baya.

Duk ɗan da zai yi tafiya, uwarsa kan watsa madara a bayan motarsa don hanya ta yi masa fari. Na fito da ludayi cike. Sodnom ya zo ya tsaya gabana ya sunkuyar da kai don in shanshana goshinsa, kamar yadda uwa ke sallamar ɗanta a nan. Na shanshana na jikana. Ya ɗan jira, sa'an nan ya hau mota.

Motar ta tashi a hankali. Na san Jamts don ni yake jan ta haka. Ina ganin fuskar Sodnom a madubin gefe, yana kallon hannuna. Na ce wa hannun ya ɗaga, ya ƙi. Suka wuce rijiya, suka wuce makaranta, suka zama ɗigo a kan farin fili, ina tsaye.

Sai da suka ɓace bayan tudu hannun ya saku. Na watsa da duk ƙarfina. Ba abin da ya fita. Madarar ta daskare a cikin ludayin.